Riga Ta Matse: Yadda Muka Sake Ɗinka Shafin Sana'armu na Intanet

Na san wasu tun da asuba suka baro gida, saboda haka ba zan riƙe ku da yawa ba. Amma ku yi mini haƙuri in na ɗan daɗe a wasu wuraren, don akwai inda muka yi asara, kuma ba na so ku taka inda muka taka.

Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu. Mu ashirin da biyar ne, muna zubi duk mako, akwatinmu mai kwaɗo uku kamar naku. Sana'armu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. An ce in ba ku labarin yadda muka sake fasalin shafinmu na intanet. Na ga wasu sun kalli juna, kamar suna cewa ina ruwan mai tuyar ƙuli-ƙuli da intanet? Ni ma haka na ce da farko. To ku ɗauki shafin nan tamkar rumfa ce a kasuwa, sai dai ita wannan kasuwar cikin waya take ci, kuma ba ta tashi. Wadda ke Kaduna ko Abuja za ta iya leƙa rumfarki da tsakar dare kina barci. Abin da ta tarar an baje, shi za ta ɗauka kayanki ne. In ta ga tsohon farashi, ta ɗauka shi ne farashinki. In ta kira lamba ba ta shiga ba, ta ɗauka kin daina sana'a.

Shafinmu na farko ɗan wata 'yar ƙungiyarmu ne ya yi mana, lokacin yana karatu a birni. Bai karɓi ko sisi ba, Allah ya saka masa. Abin da ke ciki kaɗan ne: sunan ƙungiya, hotonmu duka a gindin darbejiya, dogon labarin yadda muka faro da Turanci, hoton kwalbar mai guda ɗaya da farashi rubuce a jikin hoton, sai lambar wayar mahaifiyarsa. A lokacin ya ishe mu, tunda kayanmu biyu ne, kuma masu sayenmu yawanci 'yan garinmu ne da ke zaune a birni suna kewar ƙulin gida.

Sai sana'a ta motsa. Muka haɗa rabon shekara biyu muka sayi injin matsar mai. Daga kwalba muka koma har da galan, har da jarka mai lita 25. Masu tsire suka fara neman garin ƙuli a buhu. Masu kiwo suka ce a riƙa ajiye musu tunkuza. Masu shaguna da masu gidan abinci suka shigo, su kuma sari suke so, ba ɗaiɗai ba. A farkon 2023 kun tuna yadda takardun kuɗi suka yi wuya lokacin canjin naira, kowa ya koma tiransifa. A ƙarshen watan Mayu na shekarar aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, gyaɗar kanta ta tashi. Komai namu ya canja, ban da shafin nan. Yana nan da kwalbarsa ɗaya da tsohon farashinsa, kamar rigar da aka ɗinka wa yaro ranar suna aka ce ya sa ta ranar shiga makaranta.

Mu kuwa ba mu kula ba, don babu mai buɗe shi a cikinmu. Kun san mai rumfa ba ta cika fitowa waje ta kalli rumfarta ba.

Abin da ya fara farkar da mu wata Hajiya ce mai gidan abinci a Abuja. Ta ga farashin jikin hoton nan, ta yi lissafinta, ta turo kuɗin galan-galan masu yawa. Da muka ce mata ai farashin ya daɗe da canjawa, ta ce mu ne muka rubuta, ba ita ba. Kuma gaskiyarta. Muka yi ta kai-komo, daga ƙarshe muka raba bambancin biyu, ta ƙara rabi muka yafe rabi, don kada a ce mata ƙauye sun yaudari mutane. Ribar kusan mako biyu ta tafi a nan.

Na biyu, a 2024 aka toshe layin da ke jikin shafin saboda ba a haɗa shi da lambar NIN ba. Mai layin ta sayi sabo ta ci gaba da harkarta, ba ta tuna cewa tsohon ne duniya ta san mu da shi ba. Wata nawa aka yi ana kira ba ya shiga? Har yau ba za mu iya ƙirga cinikin da ya wuce mu ba.

Na uku shi ne babba. Wata rana wani mai shago ya ce mini, Malama shafinku fa ya ɓace. Ashe adireshin shafi haya ake yi, ba saye ba. Namu ya ƙare da .com.ng ne, kuma irin waɗannan sunaye na Najeriya akwai cibiyar da ke kula da su da ake kira NiRA, ana yin rajista ta hannun kamfanonin da ta amince da su, ana sabuntawa duk shekara. In wa'adi ya cika ba a biya ba, shafin ya rufe. In aka daɗe ba a waiwaya ba, wani zai iya zuwa ya yi rajistar sunan ya zama nasa. Saƙon tunatarwa kuwa imel ɗin wanda ya yi rajista yake zuwa, wato na yaron nan. Shi kuma ya tafi bautar ƙasa a kudu, ya canja waya, ya manta kalmar sirrin imel ɗin. Ba laifinsa ba ne, alheri ya yi mana. Mu ne ba mu taɓa tambayar da sunan wa aka yi rajista ba. Ga shi mun riga mun buga sitika da adireshin a jiki, mun manna a kowace kwalba. Da ƙyar ya samo hanyar shiga imel ɗinsa, muka biya har da tara kafin sunan ya kuɓuce. Ranar na gane abin da ake nufi da kayan aro ba ya rufe katara.

Da muka kawo maganar gaban ƙungiya, zaman bai yi daɗi ba. Wata dattijuwa a cikinmu ta ce, kuɗin da muka tara da gumi za a ɗiba a ba wani yaro mai kwamfuta? Ta ce a rufe shafin kawai kowa ya huta. Ban ga laifinta ba, kuma ina so ku ji wannan da kyau: ba kowace ƙungiya ce ke buƙatar shafi ba. In masu sayenku 'yan gari ne da ƙauyukan kusa, WhatsApp Business ya ishe ku. Kyauta ake sauke shi, yana da wurin jera kaya da hoto da farashi, yana ɗaukar kaya har 500. Wa ke da kaya 500 a cikinmu? Mu abin da ya sa muka riƙe shafin, masu shagunan birni da ba su san mu ba sukan fara binciken sunanmu a Google kafin su yarda su turo kuɗi mai kauri. In ba su ga komai ba sai su ja baya. Aka ƙirga hannu, masu cewa a gyara suka rinjaya, aka yarda a fitar da kuɗin daga ribar sana'a, ba daga asusun taimakon juna ba. Wancan na rashin lafiya ne da haihuwa da rasuwa, ba a taɓa shi.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne, don shi ne abin da ya fi yi mana amfani, kuma bai ci mana ko kwabo ba. Kafin mu nemi mai gyara, na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk wanda ya kira ko ya turo saƙo, sai mu rubuta abin da ya tambaya, da bakinsa yadda ya faɗa. Wata guda muka yi muna haka. Da muka zauna muka karanta, sai muka yi ta dariya, don tambayoyin ba su da yawa, maimaita su ake yi. Nawa ne jarka yau? In na ɗauki goma akwai ragi? Kuna kawowa Kaduna, kuma wa zai biya kuɗin mota? Kwana nawa kafin ya iso? Man nan zalla ne ko an gauraya? Kuna da lambar NAFDAC? Wane asusu zan tura? A cikin wata gudan nan babu mutum ɗaya da ya tambayi shekarar da muka kafa ƙungiya, alhali wannan labarin ne ya cinye rabin tsohon shafin.

Littafin nan muka miƙa wa matashiyar da muka ɗauka aikin. Muka ce mata, kin ga waɗannan tambayoyin? Muna so duk wanda ya buɗe shafin ya samu amsarsu kafin ya kira mu. Ta so ta sa mana hotuna masu juyawa da bidiyo mai kunna kansa, ta nuna mana a kwamfutarta, abin sha'awa kam. Na ce mata ta zo garinmu ta buɗe shi a wayata. Ta zo. Muka tsaya a ƙofar gida inda sabis ya fi kamawa, abu ya yi ta juyawa bai buɗe ba, datata tana zuba. Ba sai na ce komai ba, ita da kanta ta cire su, ta rage nauyin hotunan. Masu sayenmu da waya suke duba mu, kuma da yawansu data kaɗan suke sawa. In shafi ya ɗau lokaci bai buɗe ba, rufewa za su yi.

Mun raba shafin gida biyu tun daga ƙofa: na mai sayen ɗaiɗai da na mai sari. A da duk a cakuɗe suke, mai son kwalba ɗaya ya ga maganar jarka ya tsorata, mai son jarka ashirin ya ga kwalba ya raina mu. Yanzu kowa da hanyarsa. A ɓangaren sari mun faɗi mafi ƙarancin abin da za a ɗauka, da ranakun da muke kai kaya tasha, da garuruwan da muke da direban da muka sani. Garin da ba ma kaiwa mun faɗa a fili ba ma kaiwa. Wasu sun ce wannan korar ciniki ne. Ni ina ganin ya fi ki yi alkawari kaya su kwana uku a tasha.

Maganar farashi mun daɗe a kanta. Kun fi ni sanin gyaɗa: da kaka ta sauko, da bazara ta fara hawa, kafin sabuwa ta fito sai addu'a. Duk abin da ya faru a kasuwar Dawanau sai ya iso tukunyarmu. Saboda haka muka yanke abu biyu. Ba a ƙara rubuta farashi a jikin hoto, don in ya canja sai an sake hoto. Kuma a ƙarƙashin kowane farashi akwai ranar da aka sa shi, da jimla ɗaya cewa a tabbatar kafin a turo kuɗi. Na kuma dage sai an koya mini yadda zan canja farashin da kaina daga wayata. Na ce mata ba zan riƙa kiranki duk ranar kasuwa ba. Yini ɗaya ta zauna da ni da mataimakiyata har muka iya. In wanda zai yi muku shafi ya ce ba za ku iya ba sai ta hannunsa, ku nemi wani.

Harshe kuma, mun sa Hausa da Turanci, a gajarce. Wani abu ya faru da ya ba mu dariya: a gwajin farko, duk inda aka rubuta ƙuli-ƙuli sai ƙ ɗin ta fito kamar ɗan akwati, haka ɗ ɗin gyaɗa. Ashe ba kowane salon rubutu ne ya san haruffanmu masu lanƙwasa ba, sai da ta canja. Ta kuma ba mu shawara mai kyau, cewa masu bincike a waya yawanci kuli kuli suke rubutawa ba lanƙwasa, don haka a wani wurin aka rubuta shi hakan ma don su same mu. A ƙasan kowane kaya akwai koren wurin dannawa da ke kai mutum WhatsApp ɗinmu kai tsaye. Da yawa ba sa son rubutu, saƙon murya suke turowa, mu ma da murya muke amsawa.

Sai hoto. Wannan ku kula da shi, don ya kusa raba mu da 'yar'uwarmu. Tsohon hoton nan na gindin darbejiya, babu wadda aka tambaya kafin a ɗora shi. Wani ɗan'uwan mijin ɗaya daga cikinmu ya gani a birni ya kawo magana gida, har aka ce ta bar ƙungiya. Sai da shugabarmu ta je ta ba da haƙuri. A sabon shafi mun ce duk wadda fuskarta za ta fito sai ta yarda da bakinta, ta kuma shawarci gidanta. Uku suka yarda. Sauran hotunan hannuwa ne suna aiki, da gyaɗa a faranti, da mai yana zuba a mazubi mai tsabta. Kuma hotunan kayanmu ne na gaske, da rana muka ɗauka a kan farin zane. Kada ku yarda a ɗauko muku hoton man wani daga intanet don ya fi kyau. Ranar da naku ya isa hannun mai saye zai gwada.

Haka nan kada a rubuta abin da ba ku da shi. Lokacin da muke gyaran, rajistarmu ta NAFDAC ba ta fito ba tukuna. Wata ta ce a rubuta kawai tunda muna kan hanya. Muka ƙi. Mun bar wurin fili har lambar ta fito, sannan muka sa ta a shafi da jikin sitika, tare da ranar da aka yi kayan da ranar da zai daina aiki. Kuma ba mu ce man namu yana maganin wata cuta ba. Mai ne na girki, mai kyau, shi ke nan.

Asusun banki ma mun canja. A da na ma'ajinmu ake turawa, da sunanta. Mai shago ya ga sunan ƙungiya a shafi, ya zo turawa ya ga sunan mutum ɗaya, sai ya yi turus. Ita ma nauyi ne a kanta, kuɗin gidanta da na ƙungiya suna haɗuwa a wuri guda. Da takardar rajistarmu muka buɗe asusu da sunan ƙungiya, wanda ba a cire kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu. A shafin mun rubuta cewa wannan ne kaɗai asusunmu, duk wanda ya ba ka wani ba mu ba ne. Mu kuma a namu ɓangaren ba ma sakin kaya don an turo hoton rasit ko alat ya shigo. Sai mun duba mun ga kuɗin sun zauna a asusun.

To makullai fa? Kun san dalilin da ya sa akwatinmu ke da kwaɗo uku a hannun mata uku. Haka muka yi wa shafin. Muka sayi layi na ƙungiya, muka buɗe imel na ƙungiya, aka mayar da rajistar adireshin kansa. Kalmomin sirrin muka rubuta a takarda, muka sa a ambulan muka liƙe, yana cikin akwati, ba ya buɗuwa sai a gaban kowa. Ni da mataimakiyata ne muke amfani da su kullum, in ɗayanmu ta sauka daga muƙami a canja su a ranar. WhatsApp ɗin ma mun sa masa lambar sirri mai lamba shida, kuma duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo waya, ko ya ce daga kamfani yake, a kashe wayar. Ana iya haɗa lamba ɗaya da wasu wayoyin har huɗu, don haka in na tafi biki ko asibiti ciniki ba ya tsayawa. Layin kuma muna sa masa kati muna kira da shi, don layin da aka daɗe ba a taɓa ba ana iya karɓe shi a ba wani.

Ita mai aikin mun yi yarjejeniya a rubuce, shaidu biyu. Kuɗinta kashi uku: na farko da za ta fara, na biyu da ta nuna mana a wayarmu, na ƙarshe bayan ta miƙa makullai ta kuma koya mana. Mun tambaye ta tun farko nawa za mu riƙa biya duk shekara na adireshi da na wurin ajiye shafin, muka raba kuɗin gida goma sha biyu, duk wata muna ware kaso ɗaya a leda daban cikin akwati. Ranar sabuntawa na rubuta ta a bangon littafin zubi da jan biro.

Yanzu a zaman farko na kowane wata, bayan an ƙirga kuɗi, sai a buɗe shafin a karanta shi da ƙarfi kowa na ji. Minti biyar ne. Wadda ba ta iya karatu ba ma tana gyara mu, don ita ta san ko garin ƙuli ya ƙare ko direban Zariya ya daina zuwa. Dattijuwar nan da ta ce a rufe shafin, ita ce watan jiya ta kama cewa mun bar tunkuza a jere alhali duk an saye har na wata mai zuwa.

Akwai abin da har yanzu ba mu daidaita a kai ba. Matasanmu suna so a sa hanyar da mutum zai biya da katinsa a cikin shafin kai tsaye, ba sai ya yi magana da kowa ba. Ni ina jan ƙafa, don kamfanonin da ke wannan aikin suna cirar kasonsu a kowane ciniki, kuma farashinmu bai zauna wuri ɗaya ba balle a biya ba a tambaya ba. Mun ce a bar maganar sai bayan kaka, in an ga yadda gyaɗa ta yi. Littafin tambayoyin nan na zo da shi, yana kan teburin baya. In an tashi cin abinci duk mai so ta duba, wadda ba ta karatu ta same ni in karanta mata.